Na ce masa muguwa ce, bai gane abin da nake nufi ba

Assalamu alaikum Anti. Ni 'yar Zariya ce, ina aiki a wani gidan kula da tsofaffi kusa da Manchesta a Ingila. A 2023 na zo, aikin dare nake yi. Matsalata matar da ke shugabantar aikin daren ce. In na gaishe ta, kai kawai take ɗagawa. In na yi tambaya sai ta juya ido sama ta ce sau nawa za a gaya mini. Ta sha yi mini tsawa a gaban tsofaffin da muke kula da su. Ranar Talata lokacin miƙa aiki ta kwaikwayi yadda nake furta sunan wani magani, abokan aiki uku suna ta dariya. Sau biyu tana cewa hijabina yana tsorata mazauna gidan, alhali ba wanda ya taɓa kuka da shi. Tana tura ni hawa na biyu ni kaɗai, inda akwai wani dattijo da takardar tsarin kula da shi ta ce mutum biyu ne za su ɗaga shi. In na makara da minti biyar sai ta rubuta, in na manta ban sa hannu a takardar juya marar lafiya ba sai ta mayar da ni.

Da abin ya ishe ni na je na ce wa manaja, "She is wicked, she abuses me every day." Sai na ga ya zabura, ya rufe ƙofa, ya tambaye ni ko ta buge ni, ko na ga ta taɓa wani tsoho. Na ce a'a, zagi da wulaƙanci nake nufi. Nan take ya saki jiki, ya ce ai ita "blunt" ce, haka take da kowa, wataƙila jininmu ne bai haɗu ba, amma in ina so in rubuto. Bayan kwana biyu na ji wai ta gaya masa ni "aggressive" ce, wato mafaɗaciya, don na taɓa ɗaga mata murya sau ɗaya. Anti, da Turanci na yi digiri, amma kwana huɗu ke nan takarda na gabana ban rubuta layi ɗaya ba. Wace kalma zan kira abin da matar nan take yi mini? Kuma ina tsoron kada ƙara ta ja mini asarar biza.

Daga wata ƙanwarki a Ingila

Wa'alaikumus salam, ƙanwata. Sannu da aiki, sannu da sanyi, sannu kuma da haƙuri.

Bari in fara cire miki wata ƙaya: ba ƙarancin Turanci ne ya kayar da ke a ofishin manajan nan ba. Abin da kika faɗa daidai yake a Turancin gida. Da a Kaduna ko Legas kika faɗe shi, kowa ya gane cewa ana muzguna miki ana gaya miki baƙaƙen maganganu. Amma kalmomi biyun da kika zaɓa, a can kowace ta kama hanyarta daban, kuma ba inda kika aike su suka je ba.

A wajenmu malamin da ya cika bulala "wicked" ne, mai gidan hayar da ya ƙara kuɗi "wicked" ne, har ɗan acaɓan da ya fantsama miki ruwan kwata. Mun shimfiɗa kalmar ta rufe duk inda za mu ce mugu. Bature kuwa wurare kaɗan yake jin ta. Yana jin ta a tatsuniyar yara, inda ake kiran mayya ko kishiyar uwa da ita. Yana jin ta a bakin alƙali ranar da zai yanke wa mai kisan kai hukunci. Sai kuma a bakin samari, inda ta juye gaba ɗaya ta koma yabo, kamar yadda yaranmu ke cewa abu ya haɗu. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya yi kama da shugabar aikin dare mai baƙin hali. Da ya ji ta daga bakinki, abin da ya fahimta shi ne ranki ya ɓaci ƙwarai. Abin da aka yi miki kuwa bai ji shi ba.

Ta biyun ce ta tayar masa da hankali. Mu "abuse" zagi muke nufi da ita. A gidan kula da tsofaffi a Ingila kuwa, babu kalmar da ta kai ta nauyi. Dokar kula da manya ta 2014 ta ɗora wa ƙananan hukumomi binciken duk wani zargin cutar da babban mutum mai rauni, kuma hukumar CQC da ke sa ido a kan irin gidajen nan tana iya ɗaukar mataki mai tsanani a kansu saboda shi. Kin yi horon da kanki, kin san abin da ke ƙarƙashin kalmar: duka, lalata, cinye dukiyar tsoho, barinsa cikin ƙazanta, razana shi. Shi ya sa mutumin ya rufe ƙofa. Ya ɗauka wuta ce ta kama gidan. Da kika ce zagi kike nufi sai ya yi ajiyar zuciya, kuma mutumin da ya gama ajiyar zuciya komai kika gaya masa bayan nan ƙarami zai gan shi. Kin fara da tsani na ƙarshe, babu inda ya rage sai saukowa. In zagi kike son faɗa, "insult" ce kalmarki. Akwai "verbal abuse" ga wanda ake surfa wa ashar ana yi masa barazana, amma a wurin aikinki, in ba haka ta yi ba, kada ki taɓa ta.

Tarkunan irin wannan suna da yawa, ni ma na faɗa cikin ɗaya. Shekarar da na yi a can, na taɓa kai ƙarar wata mata da muke zaune gida ɗaya, na ce "she hissed at me", wato ta yi mini tsaki. Wadda nake gaya wa ta ƙura mini ido tana ƙoƙarin ƙunshe dariya, don a kunnenta na ce matar ta yi mini huci irin na maciji ko kyanwa. Tsakinmu "kissed her teeth" ake ce masa a can, kuma daga bakin 'yan Afirka da 'yan Karibiyan ya bazu. Harara ma haka: mu mukan ce "she eyed me", su kuwa wannan na iya nufin kallon sha'awa, "glared at me" suke cewa. "She disgraced me" da muke faɗa in an tozarta mu ba a cika faɗarta haka ba, "embarrassed" kuma ta yi sauƙi, ita ce ta wanda ya zubar da shayi a riga. "Maltreat" ta fi zuwa a zancen fursuna ko dabba ko yaro.

To, yanzu aikin da nake so ki yi, ki yi shi da Hausa tukuna. Wasiƙar da kika aiko mini ta fi duk abin da kika gaya wa manaja ƙarfi, kuma ko sau ɗaya ba ki ce muguwa a cikinta ba. Kin ce ta ɗaga kai, ta juya ido, ta yi tsawa, ta kwaikwaye ki, ta tura ki ke kaɗai. Harshenmu bai talauce a wannan fanni ba. Mun raba kyara da hantara, mun raba gatse da habaici, mun san gori daban, izgili daban, raini daban, ƙeta daban. Ba ki taɓa kiran harara zalunci ba, ba ki taɓa kiran zalunci ɗaure fuska ba. Sai da kika koma Turanci ne kika tattara su duka kika cusa cikin buhu ɗaya. Zazzage buhun, ki ware su.

Abu na farko da za ki ware ki ajiye gefe, ki yi haƙuri da ni, shi ne maganar makara da sa hannu. Wannan tsanani ne, "strict" ke nan, kuma a aikin jinya yabo ne. Takardar juya marar lafiya ita ce shaidar cewa ba a bar tsoho kwance a gefe ɗaya har fatarsa ta yi gyambo ba. Wadda ta mayar da ke ki sa hannu aikinta ta yi, ko da da baƙar fuska ta yi shi. In kika sa wannan a takardar ƙara, shi za su kama su bar sauran, su ce ga ma'aikaciyar da ba ta son gyara. Sharaɗi ɗaya ne zai dawo da shi: in wasu na makara ba a rubuta su, ke kaɗai ake rubutawa. Nan ya tashi daga tsanani ya koma ware mutum, Turancinsa kuma "she singles me out". Amma sai in kin gani da idonki, kina iya faɗin rana.

Sai ƙananan abubuwa na yau da kullum. Amsa gaisuwa da ɗaga kai, magana a gajarce kamar ana cire mata haƙori, wannan "curt" ne, ko "abrupt", ko a ce "she is short with me". Juya ido sama da share tambayarki kamar ba ta kai a amsa ba, "dismissive". In tana yi miki bayani a hankali kamar tana magana da 'yar shekara biyar, "condescending" ko "patronising", raini ke nan da ya sa rigar taimako. Waɗannan ɗaya ɗaya ba su isa ƙara ba, kowa na da ranar da ya tashi da ƙafar hagu. Amfaninsu shi ne su nuna cewa abin ɗabi'a ce ta kullum, ba tuntuɓen harshe ba.

Ki lura da kalmar da manaja ya ba ki. "Blunt" mai faɗar gaskiya ce ba kwana-kwana, irin tsohuwar da za ta ce miki miyar nan ba gishiri a gaban mijinki. A arewacin Ingila inda kike, mutane ma alfahari suke da wannan hali. Da ya kira ta da wannan suna, wanke ta ya yi, ko ya sani ko bai sani ba. Amsarki mai sauƙi ce: faɗar gaskiya ba ta buƙatar kwaikwayon harshen mutum, kuma wace gaskiya ce a cikin cewa hijabi na tsorata wanda bai ce ya tsorata ba? Haka batun jinin da bai haɗu ba, wanda suke kira "personality clash". Wannan kalma ce da ake raba laifi biyu da ita, a ba kowa rabi. Kada ki karɓi rabin da ba naki ba.

Inda ƙararki take da nama shi ne tsakiya. Tsawa a gaban tsofaffi, "she shouted at me in front of residents". Abin da hakan ya yi miki, "humiliated", wato tozarci a bainar jama'a, ita ce fassarar da kike nema tun farko. Ƙasƙantar da ke da aikinki, "belittle". Zubar miki da ƙima a idon waɗanda ya kamata su amince da hannunki, "undermine". Asalin kalmar haƙa rami ne a ƙarƙashin gini har ya rufta, kuma manajoji suna jin ta sosai, don tsohon da ya ga ana yi wa mai ba shi magani tsawa gobe zai ƙi karɓa daga hannunta. Kwaikwayo don a yi dariya, "mocked" ko "mimicked my accent". Ki lura duk aikatau ne. Kowace tana da rana, tana da wuri, tana da wanda ya gani.

Akwai wasu kalmomi kuma da zuciyarki za ta ja ki zuwa gare su, don su ne suka yi daidai da zafin da kike ji. "Cruel", mai jin daɗin ciwon wani. "Spiteful", mai ƙeta, mai ɓata abu don kawai ki ji haushi. "Vindictive", mai riƙo da ramuwa. "Malicious", mai mugun nufi. "Callous", wadda ni ta fi burge ni, don daga sunan kantar da ke fitowa a tafin manomi aka samo ta, zuciya ce da ta yi kanta har ba ta jin komai. Duk kalmomi ne masu kyau, ki san su, ki yi amfani da su in kina ba ƙawarki labari a waya. A takardar ƙara kuwa ki bar su. Dukansu hukunci ne a kan abin da ke cikin zuciyar mutum, kuma ba ki shiga kin gani ba. In kika rubuta cewa mai ƙeta ce, za ta ce ba haka take nufi ba, maganar ta mutu a nan. In kika rubuta cewa ta kwaikwaye ki a gaban mutum uku, sai dai ta ce ba a yi ba, mutum ukun kuma suna da baki.

Na zamanin nan ma da kike gani a TikTok da Facebook ki bar su a inda kika gan su. "Toxic" ta yi tashe har masu ƙamus na Oxford suka zaɓe ta kalmar shekarar 2018, "gaslighting" ta samu irin wannan kambu a ƙamus ɗin Merriam-Webster a 2022. Yawan ja ya sa sun saki kamar tsohuwar roba, yau duk wanda ya saɓa wa wani sai a liƙa masa. "Narcissist" kuwa ta likitan ƙwaƙwalwa ce, ba taki ba.

Kalmomi biyu ne za su sa a gyara zama a karanta takardarki, kuma dole ki san bambancinsu. Ta farko "bullying". Hukumar Acas, wadda ke ba da shawara da sasanta rikicin ma'aikata da iyayen gidansu a Birtaniya, ta bayyana shi da halin da ba a so, mai ɓata rai ko razanarwa ko cin mutunci, ko amfani da iko ta hanyar da ke tozarta mutum ko zubar masa da ƙima. Cin zali ke nan, na babba a kan ƙarami. Kusan kowane wurin aiki yana da rubutacciyar ƙa'ida a kansa. Ki duba littafin ma'aikata da aka ba ki ranar da kika fara. Sai dai shi kaɗai ba shi da wata doka ta musamman da za ki kai ƙara da sunansa a kotun ma'aikata.

Ta biyun, "harassment", ita ce mai haƙora. Mu a gida mukan ce ɗan sanda ya yi mana "harassing" in ya tsare mu a hanya. A can kuwa Dokar Daidaito ta 2010, a sashe na 26, ta ba ta ma'ana tsayayya: halin da ba a so, wanda ke da alaƙa da wata siffa da doka ta kare, kuma yake keta mutuncin mutum ko yake mayar masa da wuri wurin tsoro, ƙiyayya, ƙasƙanci ko tozarci. Cikin siffofin akwai addini, akwai jinsi, akwai shekaru, akwai nakasa, akwai kuma launi da ƙasa da asalin mutum. Yanzu koma ki dubi wasiƙarki. Maganar hijabi ta shafi addini. Kwaikwayon lafazi ya shafi asali, kuma kotunan ma'aikata a can sun yarda cewa yi wa lafazin mutum ba'a na iya shiga wannan babi. Abubuwa biyun da kika ambata a tsakiyar wasiƙa kamar ba su ne manya ba, su ne ginshiƙin ƙararki. Kuma dokar ba ta tsaya ga niyya kaɗai ba, tana duba tasirin abin a kanki, da kuma ko mai hankali zai ga ya cancanci ya yi wannan tasirin. Don haka "ban yi nufin komai ba" ba ta wanke mutum.

Za ta ce wasa ne. "Banter" suke kiransa, kuma shi ne mafakar kowa. Ke Bazazzagiya ce, ba sai an koya miki wasa ba. Kin san abin da ke tsakaninku da Kanawa, kin san na Fulani da Barebari. Abin da ya sa wancan yake wasa shi ne kowa na da bakin ramawa, a tashi ana dariya tare. Wadda ke rubuta jadawalin aikinki, take kuma da kunnen manaja, in ta yi miki ba'a ba ki da bakin ramawa. Ki faɗi haka a fili, ki ce ba ki so, ba ki kuma taɓa nuna kina so ba. Kalmar ita ce "unwanted", kuma ita ce a cikin dokar.

Yanzu ga abin da ya fi damuna a duk wasiƙar, wanda ba na neman kalma ba ne. Dattijon nan da takardarsa ta ce mutum biyu. Kada ki sake ɗaga shi ke kaɗai, ko da wa ya ce. In ya zame ya karye, sunanki ne a takardar daren, kuma ranar wadda ta tura ki za ta manta ta tura ki. Bayanki ma naki ne, ba a sayar da wani a kasuwa. Ki ce mata cikin sanyin murya takardarsa ta ce biyu, kina jiran na biyu, ki rubuta lokacin da kika nema. Wannan ki ware shi daban ki kai wa manaja, a rubuce, gobe-goben nan, kada ki jira ƙarar. Kalmarsa "unsafe", kuma a nan ne kike da damar cewa "safeguarding concern", wato fargabar cutar da mai rauni, don lafiyar tsoho ce a kan layi. Ƙofar da ya rufe rannan saboda kalmar da ba ta dace ba, wannan karon zai rufe ta da dalili.

In kin zo rubutu, ki sa wa takardar suna "formal grievance", wato ƙara a hukumance, don wannan sunan ne ke sa su bi matakai: su kira zama, su ba ki amsa a rubuce, su ba ki damar ɗaukaka ƙara. Sannan kowane abu ki ba shi layi biyu ko uku. Misali: "On Tuesday night, during handover, she mimicked my accent in front of three colleagues. I felt humiliated." Ki sa kwanan wata da sunayen ukun. Jimla ta farko abin da ya faru, ta biyu abin da ya yi miki. Haka za ki jera su, na hijabi da na lafazi a gaba. Sai a ƙarshe, sau ɗaya tak, ki ce kina ganin wannan "bullying" ne, kuma "harassment" ne mai alaƙa da addini da asali. Ki faɗi abin da kike so a yi: a daina, a raba ku aiki in zai yiwu, a bincika.

Za ki ga takardar ta yi miki sanyi, kamar ba ta ɗauko kukan da kika yi a ɗakin canza kaya ba. Bar ta haka. Mutanen nan in abu ya yi zafi murya suke saukarwa. Bature zai ce "unacceptable" a inda mu za mu ce wallahi ba za ta saɓu ba, ya ce "inappropriate" ko "unprofessional" a inda za mu ce rashin mutunci ne tsagwaronsa. A kunnenmu kamar ruwan sanyi, a ofishinsu kuwa da irin waɗannan ake sallamar mutum daga aiki.

Batun "aggressive" da ta liƙa miki, kada ki raina shi. Tsohon tambari ne da baƙaƙen mata ke kuka da shi a wuraren aiki a can, kuma a aikin kula da masu rauni yana iya bin mutum. Mu da ma muryarmu a sama take, hannu na tafiya tare da magana. Abin da a Sabon Gari hira ce, a can sai a ga faɗa. Ki riga ta. Ki rubuta da kanki cewa rana kaza kin ɗaga murya bayan ta yi miki kaza, kin kuma yi nadama. Wanda ya faɗi nasa da bakinsa ya ƙwace sandar daga hannun mai dukansa. Kalmar da za ki tsaya a kanta ita ce "assertive", mai tsayawa kan haƙƙinta ba tare da cin zarafin kowa ba. In ta sake yi miki tsawa, kada ki biye mata, magana zarar bunu ce. Jimla ɗaya ta isa, a hankali, a gaban shaidu: "Please don't speak to me like that." Ki juya ki ci gaba da aikinki, in kin samu sarari ki rubuta.

Tsoronki na biza ba na banza ba ne, ba zan ce miki ba komai ba. Bizarki a ɗaure take da wanda ya ɗauki nauyinki, kuma in aikin ya ƙare, Ma'aikatar Cikin Gida galibi kwana 60 take ba mutum ya samu wani mai ɗaukar nauyi. Masu cin zali sun san wannan, da shi suke samun shirun mutanenmu. Amma dokar 2010 ɗin nan, a sashe na 27, ta hana a musguna wa ma'aikaci don ya kai ƙarar wariya ko "harassment" da zuciya ɗaya. Wannan shi ne "victimisation" a ma'anarsa ta doka, ba yadda muke faɗarta a gida ga kowace irin danniya ba. Kariyar ba ta jiran ki shekara biyu a aiki, kuma ba ta tambayar launin fasfo. Ma'ana, ƙarar da aka rubuta aka ambaci addini da asali ta fi ba ki rufin asiri a kan gunagunin baki da ba shi da shaida.

Kafin ki miƙa, ki kira layin shawara na Acas, ba sa karɓar kuɗin shawara, ki karanta musu abin da kika rubuta, ki kuma tambaye su wa'adin kai ƙara kotun ma'aikata, don watanni ne kaɗan kuma ba ya jiran a gama zaman cikin gida. Ofishin Citizens Advice na garinku ma yana duba irin wannan. In kina cikin ƙungiyar ƙwadago, UNISON ko GMB, ki nemi wakilinku yau; in ba ki ciki ki shiga, ko da yake galibi ba sa ɗaukar rigimar da ta riga shigar mutum. Ranar zama kina da haƙƙin zuwa da abokin aiki ko wakilin ƙungiya, kada ki shiga ke kaɗai. Takardar ki tura ta imel, ki ajiye kwafi a naki akwatin, ba na wurin aiki ba.

Ki sayi ƙaramin littafi ki riƙa rubuta abin da ya faru kowace safiya kafin ki kwanta, rana da lokaci da wanda ke wurin da ainihin kalmomin da ta faɗa. Sunan tsofaffin kada ya shiga ciki, sirrinsu amana ce. In Hausa ta fi zo miki, ki rubuta da Hausa, a juya daga baya. Cikin mutum ukun da suka yi dariya ranar Talata, ki duba wadda dariyarta ta fi gajarta, ki same ta ita kaɗai a wurin shan shayi ki tambaye ta ko za ta faɗi abin da ta gani in an tambaye ta. In kin gama rubutun farko ki turo mini in duba kafin Litinin. Allah ya ba ki sa'a, ya kuma kare miki mutuncinki. Ki gaida mutanen gida in kun yi waya.

Antinki